Ɗorawar Tahira a Tsakiyar Gonata

Duk wanda ya shigo ƙauyenmu ta hanyar Makoda zai san Tahira tun kafin ya gan ta, domin hancinsa ne zai fara gaisawa da ita. Daddawa take yi. Ranar da ta buɗe kwandon da ta rufe, ungulaye kan taso tun daga Dawakin Tofa su zo su duba ko jakin wani ne ya mutu. Ba a bayan idonta nake faɗin wannan ba. Kullum sai na faɗa mata, ita kuma ta ce ba ta taɓa jin an ce na bar lomar tuwo a kwano saboda warin ba. Nan kam ta fi ni gaskiya.

Tahira 'yar Gwaggo Sauda ce, ƙanwar babana. Ni Lawan ɗan namiji, ita 'yar mace, ka ga taubasai ke nan, abokan wasa tun muna rarrafe. Ita ta ce ni bawanta ne, ni na ce ita ce baiwata, tsofaffin da za su raba mana gardama kuwa duk sun kwanta dama. Ta haura hamsin. Gajera ce, idan ta shiga gonar gyaɗa sai an kira sunanta kafin a san inda take. Amma abin da aka rage mata a tsayi an cika mata a murya: in ta yi sallama a ƙofar gidana, mutanen ƙarshen gari ne ke fara amsawa. Mijinta Malam Ja'afar tela ne, mutum mai shiru, yana zaure da kekensa tun safe. Ina jin tun ranar ɗaurin aure ya ga maganar gidan ta samu mai yi, ya ajiye tasa.

Abin da ya ƙara ɗaure mu bayan jini, gona ce. A nan wajenmu ƙasa ba ta da yalwa. Gona na goga kafaɗa da gona, in ka yi atishawa a kunyarka maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Da kakanmu Muhammadu Sani ya rasu aka zo rabon gado, sai rabon Gwaggo Sauda ya fito wani ɗan siririn yanki da ko babbar rigar liman ba za a shanya a kai ba. Ta ce a bar wa yayanta ƙasar, ita a ba ta itatuwan ɗorawa huɗu da ke cikin gonar. Aka kafa shaidu, aka shafa fatiha. Baƙo zai ji abin bambarakwai, amma a wurinmu ba sabon abu ba ne: ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani. Ƙasar ta gangaro daga babana zuwa kaina. Itatuwan suka gangaro daga Gwaggo zuwa Tahira.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da ya tsiro daga ƙasa nawa ne. Abin da ya faɗo daga sama nata ne, har busasshen reshe. Inuwa ce kawai ba a san mai ita ba, amma ni ke shan wahalarta, don gero ba ya son inuwar ɗorawa. A ƙarƙashinta yakan fito siriri, kamar wanda ya tashi daga jinya. Saboda haka tun ranar da gonar ta zo hannuna, gaisuwarmu ɗaya ce.

"Baiwata, gobe zan kira mai gatari."

"Kira shi, bawa. Ya fara da ƙafarka, ita ta fi tsare wa gero rana."

A gidan biki haka, a gidan suna haka, har a layin zaɓe. Ban taɓa kiran kowa ba, ita ma ta san ba zan kira ba. Gwaggo Sauda ta bar mata wasiyya guda, cewa kada a sa wa ɗorawa gatari matuƙar itacen na da rai, kuma duk garin an san da wannan.

Ga Tahira, ɗorawa kasuwa ce da gona da rumbu a gindi ɗaya. Ƙarshen rani takan fitar da jajayen furanni kamar tuntun hula, su zube, dogayen 'ya'ya su sauko koraye shar. Ba ta taɓa su sai sun bushe a sama, sai ta girgiza reshe ta ji suna amsa mata. Sannan ta zo da doguwar gora mai ƙugiya a baki ta yi ta fizgowa. Garin nan rawaya na ciki yara su sha, a dama kunu. Ƙwallon, wato kalwa, shi ne daddawa: a yini ana dafawa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe a kwando har ya yi abin da na faɗa a farko, a kirɓa, a lallatsa, a shanya. Ɓawon ma ba ya zuwa juji. Shi ne makuba. A jiƙa shi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa, katanga ta yi santsi ruwa ya riƙa zamewa. Rabin katangun unguwarmu da makubar Tahira suke tsaye, har da tawa, kuma ba ta bari in manta.

Da wannan ta aurar da 'ya'yanta mata, kowace da jerenta. Da wannan ta riƙe gida shekarar da idon Malam Ja'afar ya yi ciwo keke ya tsaya. Kuma aikin yana da lokacinsa da bai taɓa saɓawa ba: a gama kwashe ɗorawa, a shigar da buhuna ɗaki, sannan hadarin farko ya taso.

To, hadarin ne ya canja hali. Da yana da ladabi. Zai haɗo daga gabas, ya aiko 'yar iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa ta yi masa sallama, mata su kwashe shanya, a kora awaki, sannan ya zuba. A watan marka ya yini yana yayyafi, ƙasa na sha a hankali. Yanzu bazara kan yi zafin da kaji ke neman su riƙa saka dafaffen ƙwai. Ruwa ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke ɗif har gero ya fara murɗewa, sannan rana ɗaya ya kwaso na wata guda ya juye tsakanin la'asar da magariba. Iska kuma ta daina sallama, ƙofa take ɓallewa. Ruwan ma a kwance yake zuwa, ya yi ta marin katangar gabas har ta zauna.

Ni na yi boko har aji biyu na sakandare, kafin mu rabu da lissafi cikin mutunci, don haka idan ana bayani a rediyo ina kama rabi. Sauyin yanayi suke ce masa. Yadda na gane, hayaƙin injuna da motoci ya sa duniya ta ƙara ɗumi, iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar tururin ruwa. Kamar an karɓe wa hadari tulu ne an ba shi randa. In ya tashi zubarwa sai ya tuntsurar da ita gaba ɗaya, da ruwanta da iskarta. Mu ma mun taimaka da namu, don itatuwan da ke gabas da gari, waɗanda iska kan fara gajiya a kansu, an yi gawayi da yawancinsu. Na kai wa Tahira wannan bayani har gida, da randar da komai. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Allah ya kyauta. Da ka ƙarasa aji uku, da ka gano mana inda ake rage wutar."

Ɗorawa ta farko ta faɗi ne wata damina da aka tafka ruwa har ƙasa ta yi laushi kamar kunu, sai iska ta biyo baya ta tura ta. Ta kwanta a kan dawata, saiwoyi a sama. Tahira ta zo ta tsaya ta dube ta, ta yi salati, ta ce itacen nata ne, dawar da ya danne tawa ce, ramin ma nawa ne in cike abina. Ta biyu iska ta tsaga ta gida biyu, ta ƙarasa bushewa da rani. Ta uku ta bi ta farko. Tahira ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai dai Bilki matata ta ce mini duk itacen nan Tahira ba ta dafa kalwa da ko tsinke ɗaya ba, rabar da shi ta yi.

Saura ɗaya, babbar, wadda ke tsakiyar gonar, wadda Gwaggo Sauda kan zauna a gindinta tana ɓare 'ya'ya. Ita ce duk abin da ya rage wa Tahira na gadon uwarta.

Shekara uku da suka wuce, da kaka, ina yankan gero, na ga ta ɗan karkata yamma. Na zaga gabas da ita, sai na tarar ƙasa ta ɗago ta tsage, tsagar da hannuna ya shige. Iskar ƙarshen damina ta ɗaga saiwoyin, ba ta dai ƙarasa aikin ba. Na ce bari mu ga rani. Da rani ya ƙare kuwa, sai ɗorawar nan ta yi 'ya'yan da ban taɓa gani ba tun ina yaro, rassa har suna sunkuyawa, kuma yawancinsu a ɓangaren da ta karkata.

Na kira Zaharaddini, mai hawa gawo yana datso wa masu shanu ganye. Ka ga karo na farko ke nan da na kira mai gatari da gaske. Ya zaga, ya sa hannu a tsagar, ya ɗaga kai. Ya ce kan ya yi wa gindin nauyi. In aka sauke manyan rassan yamma kafin hadarin farko, mai yiwuwa ta tsaya, amma sai ta yi shekara biyu ko uku ba ta yi 'ya'yan kirki ba. In aka jira 'ya'yan su bushe, ƙila a ci sa'a, ƙila kuma iska ta riga mu. Na ce yaushe hadarin farko? Ya ce in tambayi rediyona.

Na tafi gidan Tahira da hantsi. Na tarar tana tsakar gida tana tsince tsakuwa a kalwar bara.

"Tahira, magana na zo da ita."

"Bawa ya iya sallama yau. Bilki ta hana ka koko ne?"

"Ɗorawar nan sai an rage mata rassa. Kafin ruwa."

Ta yi dariya har ta saki faifai. "Yau da wuri ka fara. Jira in gama, in samo amsar da ta dace da kai."

"Ba wasa nake ba. Ƙasa ta tsage a gindinta, hannuna ya shiga."

"Hannunka ina ne bai shiga ba? Ko tukunyar miyata shaida ce."

"Wallahi, Tahira."

"Bara ma ka ce ƙanƙarar da ta faɗo a gonarka ta kai kan jariri."

"Ta kusa."

"Ka ce iska ta ɗauki zakaranka ta kai shi Kazaure, ya dawo da kaza."

Wannan kam ya faru, sai dai ba Kazaure ba ne, bayan gidan mai unguwa ne. Na sake gwadawa, na ɗaure fuska, na sassauta murya. Ta ce fuskar ta yi mini kyau, in riƙe ta har sallah. Tsakanina da ita ba a taɓa ware wata murya don maganar gaskiya ba. Duk abin da ya fito daga bakina, wasa yake isa kunnenta.

Ina fita ta zaure, Malam Ja'afar ya tsayar da keke. Na tsaya cak, don ba kullum ake ganin haka ba.

"Malam Lawan," ya ce, "ni na ji ka. Amma in an sare, geron wa zai sha rana?"

Ya ci gaba da ɗinki. Maganarsa ta shekara ke nan ya kashe a kaina.

Na yini ina juya ta. Gaskiya ne, duk reshen da ya sauka gerona ne zai yi ƙiba. Ko ni ne a matsayin Tahira ba zan yarda da Lawan ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na roƙi mai unguwa da liman su raka ni gona, na aika Bilki ta taho da Tahira. Ta iso tana tambaya ko gadona za a raba tun ina raye, ta zaɓi akuya.

Na ce, "Ku shaida. Ƙasar da ke ƙarƙashin wannan ɗorawa, duk inda inuwarta ta kai, na ba Tahira kyauta, ita da 'ya'yanta. A sare ko kada a sare, ba ni da sauran riba a nan."

Mai unguwa ya sa na maimaita, don shi ma ya san ni. Liman ya ce an ji, aka shafa.

Tahira ba ta yi dariya ba. A garinmu mutum kan ba ka akuya, ya ba ka rigar wuyansa, amma ba ya ba ka ƙasa da wasa. Ta dube ni kamar an canja mata ni a kasuwa. Sannan ta zaga gabas da itacen ta durƙusa. Shekara da shekaru tana zuwa wurin nan, amma sama take kallo, ƙasa ai ba tata ba ce. Ta zura hannu a tsagar har gwiwar hannu, ta daɗe a haka.

"Malam," ta ce da liman, "Inna ta ce kada a sa wa ɗorawa gatari."

"Don ta rayu ta faɗa, Tahira. Duk wadda kika zaɓa, babu laifi a kanki."

Ta ɗaga kai ta dubi 'ya'yan nan. Kaɗan ya rage su bushe, kuma su kaɗai sun ishe ta daddawar shekara. Ta miƙe, ta fara zagaya wurin a hankali tana jan ƙafa a ƙasa, kai a sunkuye, ta yi nisa can gabas ta dawo. Muka ba ta wuri. Liman ya raɗa mini cewa baƙin ciki haka yake, a bar ta.

Washegari da sassafe ta aika a kira Zaharaddini. Ta sa aka ɗauko turmi aka kife a ƙarƙashin reshen da ya fi sauka, ta hau, ta ce a miƙo mata gatarin. Ta yi bisimilla ta kai sara ɗaya, ɗan ƙarami, ko ɓawo bai gama ratsawa ba. Ta miƙa masa ta ce, "Ni na fara. In da tambaya, ni za a yi wa." Sannan ta koma gefe ta zauna, ta juya baya har aka gama.

Kafin azahar rassan yamma suna ƙasa da ɗanyun 'ya'yansu. Ɗanyar ɗorawa ba kalwa, ba gari. Ta ce a bar wa awaki. Awakin garinmu suka yi ta walima, har akwai wadda ta daina gaida mai ita. Itacen kuwa ya koma kamar wanda wanzami ya fara yi wa aski aka kira shi gidan suna.

Sai hadari ya ƙi zuwa. Sama ta yi fes. Maƙwabta masu ɗorawa suka jira tasu ta bushe, suka kwashe a tsanake, suka shigar ɗaki, ko guguwar da za ta ɗaga tsumma ba a yi ba. Tahira, wadda tun tana budurwa ba ta taɓa sayen kalwa ba, ta hau babur zuwa kasuwar Makoda ta sayo. Kullum da safe muryarta na tsallako katangu.

"Malamin sama, ina iskar taka? Ko ta tsaya shan mai?"

"Tana hanya, baiwata."

"In ta iso ka turo mini ita ta yi mini fifita, zafi ya ishe ni."

Ban roƙi Allah iska ba, wa zai roƙa? Amma na sha fita bayan gida ina duban gabas.

Ana cikin haka aka yi ɗan ruwan shuka marar iska. Na ɗauki sungumi na tafi gona, sai na tarar da duwatsu a jere, sun taso daga gindin ɗorawa sun miƙe gabas, sai da na sa hannu a goshi kafin in hango ƙarshensu. Tahira na tsakiya da ƙwaryar iri.

"Wannan fa?"

"Gonata. Duk inda inuwa ta kai, in ji wani bawa."

"Inuwar tsakar rana nake nufi."

"Da tsakar rana ka tara mutane, ko bayan la'asar?"

Ashe jan ƙafar nan da muka ɗauka baƙin ciki ne, iyaka take shatawa. Ko da yake ni na ga idonta a ranar, na san duka biyun ne. Muka je wurin mai unguwa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce shi da idonsa ya ga inda inuwa take. Ta bar ni na sha gumi, sannan ta kwashe rabin duwatsun ta ce sadaka ce ga bawa. Ta riƙe gindin itacen, inda ganyen shekaru ya mai da ƙasa baƙa ƙirin, wuri mafi kyau a duk gonar yanzu da rana ke sauka. Ta riƙe kuma wani dogon layi a gefen gabas.

Iskar ta zo bayan gero ya kai idon sawu. Da la'asar ne. Gabas ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi tsit. Muka shige ɗaki muka rufe, muna jin kwanon rufi na numfashi. Ruwa ya biyo baya a kwance, yadda ya saba yanzu. Kafin magariba an gama. Katangar gabas ta gidaje da yawa ta zauna, rufin shagon mai niƙa ya tashi, kwanon rumfar awakina kuwa har yau ana nemansa. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a hanyar Daura. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba.

Da gari ya waye na nufi gona. A hanya na wuce itatuwan ɗorawa biyu na maƙwabta a kwance, saiwoyi a sama, masu su na tsaye a kai hannu a baya. Su ne waɗanda aka kwashe wa 'ya'ya lafiya lau kwanakin baya. Na yi musu jaje na wuce.

Tun daga nesa na hango ta Tahira. A karkace, da rabin kai, mummuna kamar ranar da aka yi mata aski, amma tana tsaye. Mai ita ta riga ni zuwa, ta cika tsagar da ƙasa tana daddannawa da diddige. A bakin rassan da aka datse wasu 'yan ganye sun fara tsirowa.

Na tsaya kusa da ita. Na jira. Na ɗan yi gyaran murya, ko za a ce Lawan ya faɗi gaskiya sau ɗaya a duniya.

"Bawa," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Na'am."

"Kana taka mini kuɓewa."

Na matsa.

A dogon layin nan na gabas kalwa ta shuka, ta kewaye kowace da ƙaya saboda awaki. Na ce mata kafin waɗannan su yi 'ya'ya ba ta da sauran haƙori. Ta ce tuwo ba ya neman haƙori, kuma ba don kanta ta shuka ba, don jikokinta su samu inuwar da za su tsare wa jikokina gero ne.

Damina biyu ke nan babbar na tsaye. Duk hadarin da ya wuce mukan haɗu a gindinta ba tare da an aika wa kowa ba, don babu wanda ya san yadda mai zuwa zai kasance. Bana ta fitar da 'yan furanni a sababbin rassa, ba su da yawa, Tahira ta hana kowa nuna su da yatsa. Jiya na same ta a wurin, ta ɗaga kai tana kallonsu.

"Baiwata," na ce, "gobe zan kira mai gatari."

Ta zaga gabas da itacen, ta durƙusa, ta shafa ƙasa ta duba ta sosai. Sai da ta miƙe ta kakkaɓe hannu, sannan ta ce ya fara da ƙafata.